Yadda Jin Yaro Ke Ginuwa Tun Yana Ciki: Daga Kunne Zuwa Ƙwaƙwalwa

'Yan uwa mazauna kudu, na Agege da Idi-Araba da Mile 12, na Sabon Ibadan, na Lokpanta da Ama Hausa ta Owerri, har da na Fatakwal. Ni ɗan Bako ne a cikin garin Yola, mahaifina fataucin shanu yake yi daga kasuwannin Ngurore da Mubi zuwa kudu. Abin da na kawo muku yau bayani ne da masana kunne da ƙwaƙwalwa suka tabbatar, na tattara shi cikin Hausar da kowa zai gane.

A wurinmu ba a cika damuwa da jin yaro ba sai ya kai shekara 2 ko 3 bai fara magana ba. Ko a lokacin ma sai ka ji ana cewa ai nauyin baki ne, haka babansa ya yi. Alhali kuwa hanyar ji tun ciki yana ɗan wata ɗaya da 'yan kwanaki ake fara gina ta, kuma tana fara aiki wajen wata 3 kafin haihuwa. Abin da ya samu uwa a watannin nan, da abin da ya samu jariri a satin farko, shi ne sau da yawa yake yanke hukuncin ko yaro zai ji ko ba zai ji ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara miliyan 34 ne ke fama da raunin ji mai tsanani a duniya, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na matsalar ji a yara daga abubuwan da za a iya kaucewa suke tasowa.

Mece ce hanyar ji?

Kunnen da muke gani a waje mazurari ne kawai, aikinsa tara sauti ya tura ciki. Sautin sai ya bugi wata siririyar fata mai kama da fatar ganga, wadda muke kira dodon kunne. A bayanta akwai ƙananan ƙasusuwa 3 a jere, an sa musu suna saboda siffarsu: guduma, uwar maƙera, da likkafa. Wannan likkafar ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a duk jikin ɗan Adam, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba.

Daga nan motsin ya shiga wani ɗan bututu mai ruwa a ciki, wanda ya nannaɗe sau biyu da rabi kamar katantanwa. A cikin wannan katantanwar kunne akwai ƙwayoyin halitta masu siraran gashi kusan 15,000. Idan ruwan ya motsa, gashin ya lanƙwasa, sai su mayar da motsin ya koma saƙon lantarki. Jijiyar ji, mai zare kusan 30,000, ita ke ɗaukar saƙon ta shiga da shi ƙwaƙwalwa.

Saƙon ba ya isa kai tsaye. Kamar dai tirelar shanu da ta taso daga Yola, sai ta bi ta Numan, Jalingo, Wukari, kafin ta gangara Lokpanta, shi ma yana da zangonsa. Zangon farko yana gindin ƙwaƙwalwa, saman wuya, inda jijiyar ke sauke kayanta. A zango na biyu ake haɗa abin da kunnen dama ya kawo da na hagu a auna wanne ya riga ji. Da haka makiyayi ke sanin ta ina kukan saniya ya fito cikin duhu, da haka kai ma kake sanin ta ina ɗan acaɓa ya taho kafin ka waiwaya. Akwai wani zangon a tsakiyar ƙwaƙwalwa, da wani a can cikinta mai rarraba saƙonni, sannan masauki na ƙarshe a ɓawon ƙwaƙwalwa, daidai saman kunne ta kowane gefe. A nan ne ƙara ke zama magana, a gane muryar uwa daban da ta maƙwabciya.

Saboda haka mutum zai iya samun kunne lafiyayye a ido amma ba ya ji, idan katantanwar ko jijiyar ko ɗaya daga cikin zangunan nan ya samu matsala.

Yadda ginin ke tafiya

Lissafin da zan yi irin na asibitin awo ne, wato daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, cikakken ciki kuma sati 40.

Sati na 5 zuwa 6: wani ɗan kauri yana fitowa a kowane gefe na kan ɗan tayi, ya lotsa ciki ya zama 'yar jaka. Ita ce asalin kunnen ciki. A wannan lokacin mata da yawa ba su ma tabbatar suna da ciki ba.

Wajen sati na 8: ƙananan tudu 6 suna fitowa a gefen wuya, su ne za su haɗe su zama kunnen waje, sannan a hankali ya haura zuwa mazauninsa. Bututun katantanwa shi ma ya fara nannaɗewa, kuma kafin ciki ya cika wata 3 ya gama zagayensa biyu da rabi.

Sati na 10 zuwa 14: ƙwayoyin nan masu gashi sun fara bayyana, zaren jijiya yana zuwa yana haɗuwa da su. A lura da wannan da kyau: waɗanda aka yi wa yaro a ciki su ne nasa har tsufa. Idan suka mutu ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam.

Wajen sati na 20 zuwa 22: katantanwar ta kai girman ta babban mutum. Wato kunnen ciki yana gama girmansa tun yaro bai kai rabin kilo ba.

Sati na 24 zuwa 28: hanyar ta fara ɗaukar saƙo. A 1983 wasu likitoci a Amurka, Birnholz da Benacerraf, sun yi amfani da na'urar hoton ciki suka ga ɗan tayi yana ƙifta ido idan an yi ƙara a jikin cikin uwar, tun daga sati na 24 zuwa 25, kuma bayan sati na 28 kusan kullum sai ya amsa. A daidai wannan lokacin ne jijiyoyin gindin ƙwaƙwalwa ke fara samun rufin kitse, irin robar da ke jikin wayar lantarki, wanda ke sa saƙo ya yi sauri.

Sati na 28 zuwa haihuwa: ji yana ƙara kaifi. Binciken Peter Hepper da Sara Shahidullah a Belfast a 1994 ya nuna ɗan tayi yana fara amsa sauti mai kauri tukuna, siraran sautuka kuma sai wajen sati na 33 zuwa 35.

Masaukin ƙarshe, wato ɓawon ƙwaƙwalwa, shi ba ya gamawa a ciki. Yana ci gaba da ginuwa shekaru bayan haihuwa, kuma sautin da ke shigowa shi ne abincin ginin.

To me yake ji a can ciki?

Mahaifa ba wuri ne shiru ba. Akwai bugun zuciyar uwa, da kukan hanjinta, da gudun jini. Kunnen ɗan tayi cike yake da ruwa, don haka yawancin sautin ta ƙashin kansa yake bi ya isa katantanwa.

Wani abin da ya burge ni a matsayina na wanda ya tashi cikin dabbobi: da tumaki aka gano da yawa daga cikin wannan. Masana a Jami'ar Florida sun riƙa sa ƙaramar makirufo a mahaifar tunkiya mai ciki suna naɗar abin da ke shiga. Sai suka ga sauti mai kauri yana ratsawa kusan yadda yake, siririn sauti kuma jiki da ruwa suna danne shi. Kamar dai kana ɗaki ana hira a ɗakin maƙwabci: ba ka jin kalmomi, amma ka san wa ke magana, ka san faɗa ake ko raha. Muryar uwa ta fi kowace isa gare shi, don ita ta cikin ƙashi da naman jikinta take bi.

Kuma ba ji kawai yake yi ba, yana riƙewa. A 1980 Anthony DeCasper da William Fifer sun gwada jarirai da ba su wuce kwana 3 ba. An ba su kan roba da aka haɗa da na'ura, yadda salon tsotsonsu ne zai zaɓi muryar da za a kunna musu. Jariran suka riƙa tsotso ta yadda muryar uwarsu ce za ta fito. Wani binciken na 1993 ya nuna jarirai 'yan kwana 2 sun fi son jin yaren uwarsu a kan baƙon yare.

Wannan ya shafe mu sosai, domin Hausa yare ne mai karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, hawa da saukar murya ne ya raba su. To wannan hawa da saukar shi ne ainihin abin da ya fi ratsa mahaifa. Yarbanci da Ibo su ma haka suke, Fulatanci kuma ba ya raba kalma da karin sauti. A 2016 Kathleen Wermke ta Jamus da abokan aikinta sun naɗi kukan jariran ƙabilar Nso ta arewa maso yammacin Kamaru, masu yare mai karin sauti, suka kwatanta da na jariran Jamusawa. Tun a satin farko kukan jariran Nso ya fi yawan hawa da sauka.

Kun ga ke nan, ranar da uba ko kaka ya ɗauki jariri ya yi masa kiran salla a kunne, wannan kunnen ya yi kusan wata 3 yana aiki. Uwa ba ta buƙatar sayen komai don wannan. Hirarta ta yau da kullum, karatunta, waƙar da take yi tana aiki, sun wadatar. Ɗora lasifikar waya a kan ciki ba shi da wani amfani da aka tabbatar, likitoci ma hanawa suke yi.

Abubuwan da ke lalata ginin tun a ciki

Gado. Kusan rabin yaran da aka haifa ba sa ji, daga ƙwayoyin gado ne. Yawancinsu kuma iyayensu biyu suna ji lafiya lau, kowanne yana ɗauke da abin a ɓoye, sai da suka haɗu a jikin yaron ya bayyana. Auren zumunci, wanda muke yi sosai a Adamawa tsakanin Fulani da Hausawa, yana ƙara yiwuwar wannan haɗuwar. Idan akwai wanda aka haifa kurma a dangi, a gaya wa ma'aikatan awo, kuma a gwada jaririn da wuri. Laifin ba na uwa ba ne ita kaɗai, kuma bai kamata a gorantawa kowa ba.

Rubela, wadda wasu ke kira ƙyandar Jamus. A jikin babba ɗan zazzaɓi ne da ƙuraje na kwana 3, wani lokacin ba a ma lura. Amma idan ta kama mace a wata ukun farko na ciki tana iya taɓa kunne da ido da zuciyar ɗan tayi. Wani likitan ido a Ostareliya, Norman Gregg, shi ya fara gano alaƙarta da lahani ga jarirai a 1941. A annobar 1964 zuwa 1965 a Amurka an haifi jarirai kusan 20,000 da wannan lahani, fiye da 11,000 daga ciki ba sa ji. A watan Oktoba na 2025 Najeriya ta ƙaddamar da gangamin rigakafin ƙyanda da rubela ga yara 'yan wata 9 zuwa shekara 14. Ba a yi wa mai ciki wannan allurar. Kariyarta ita ce a yi wa yara, musamman 'yan mata kafin su isa aure.

Ƙwayar CMV. Ita ce kan gaba cikin cututtukan da ke haddasa kurumta daga ciki idan an cire gado. Ta yawu da fitsarin ƙananan yara take yaɗuwa. Mai ciki ta riƙa wanke hannu da sabulu bayan ta yi wa yaro tsarki ko ta share masa majina, kuma ta daina cin ragowar abin da ya sa a baki ko haɗa cokali da shi.

Tunjere. Ana gano shi da gwajin jini a awo, kuma allurar penisilin tana maganinsa. Miji ma sai an yi masa, in ba haka ba ya sake dawowa.

Magunguna. Akwai allurai irin su streptomycin da kanamycin da gentamicin masu iya kashe ƙwayoyin gashin nan. Suna da amfaninsu a hannun likita da ya auna. Haɗarin yana wurin allurar kemis ko ta mai yawo da jaka a zango, wanda ba ya tambaya ko akwai ciki. Duk inda mace ta je neman magani, ta fara da cewa tana da ciki, ko da ɗan sati 2 ne da ɓatan wata. Na san kunya da ɓoyon ƙaramin ciki al'adarmu ce, amma a gaban mai ba da magani ba wurinta ba ne.

Ƙarancin aidin. Katantanwa da ƙwaƙwalwa suna buƙatarsa don su ginu daidai. A riƙa amfani da gishirin leda mai aidin, a rufe shi da kyau.

Ƙara mai tsanani ta kullum. Hayaniyar titi ko ta kasuwa ba abin tsoro ba ce. Abin gudu shi ne mai ciki ta wuni tana jingine da injin markaɗe ko na niƙa, ko ta kwana kusa da babban janareto, musamman daga wata na 6. Rugugin inji sauti ne mai kauri, irin wanda ke ratsa ciki, kuma toshe kunnen uwa ba ya kare ɗan da ke ciki.

Satin farko: shawara

Jijiyar ji da zangunan gindin ƙwaƙwalwa ɗanye suke a ranar haihuwa. Bakwaini, da yaron da ya sha doguwar naƙuda ya fito bai yi kuka da wuri ba, da wanda sanƙarau ya kama, duk suna cikin haɗari. Amma wanda ya fi yi mana ɓarna a ɓoye shi ne shawara.

Idan sinadarin da ke sa jiki ya yi rawaya ya yi yawa a jinin jariri, yana haurawa ƙwaƙwalwa, kuma hanyar ji tana cikin wuraren da yake fara lalatawa. Wannan lahanin ba ya gyaruwa. Ina da wata 'yar uwa a Jimeta da ɗanta ya yi rawaya kwana 3 da haihuwa, aka yi ta shanya shi a hantsi ana ɗura masa ruwan sikari har aka yi suna. Ya rayu, yau yana da shekara 6, wayayye, amma ba ya ji.

A duba farin idon jariri da dasashinsa a hasken rana kowace safiya a satin farko. A danna goshinsa ko hancinsa da yatsa a ɗaga, a ga ko wurin ya yi rawaya. Idan rawayar ta fito a ranar farko, ko ta sauka har ciki da ƙafa, ko yaro ya ƙi nono, ko yana yawan barci, ko yana banƙarewa da siririn kuka, asibiti za a tafi a lokacin, ba sai gobe ba. Akwai fitila mai shuɗin haske da ake sa su a ƙarƙashinta, tana aiki sosai idan an zo da wuri. Hantsi da ruwan sikari ba sa maye gurbinta.

Sannan a raba kayan jariri da kafur, farin ƙwallon nan da ake jefawa cikin akwati. Yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadari mai kare jini da ake kira G6PD, kuma kafur yana farfasa musu jini ya kawo shawara mai tsanani. Lalle ma yana iya yi musu haka, don haka kada a sa wa jariri.

Gwajin ji

Ana iya gwada jin jariri yana ɗan kwana 2, yana barci, ba zafi. Gwaji na farko ɗan abu ne ake sawa a kunne ya yi sauti, sai ya saurari amsar da katantanwa ke mayarwa. David Kemp ne ya gano wannan amsar a Landan a 1978. Na biyu ana manna 'yan wayoyi a goshi da bayan kunne a ga ko saƙo yana bin zangunan gindin ƙwaƙwalwa. Wanda ya yi shawara mai tsanani ko ya kwanta a ɗakin jarirai, na biyun ya fi dacewa da shi. Idan jariri bai ci gwajin farko ba kada hankali ya tashi, sau da yawa ruwan haihuwa ne ya rage a kunne. Amma lallai a koma ranar da aka ce.

A Legas an taɓa auna girman matsalar. Dakta Bolajoko Olusanya da abokan aikinta sun gwada jarirai 2,003 da aka kawo allurar BCG a ɗakunan shan magani 4 tsakanin 2005 da 2006. An samu 56 da raunin ji na dindindin, wato 28 cikin kowane 1,000. Fiye da rabin jariran da aka gwada ba a asibiti aka haife su ba, kamar dai yadda matanmu da yawa ke haihuwa a gida hannun ungozoma.

Ƙa'idar da masana ke bi ita ce 1, 3, 6: gwaji kafin wata 1, tabbatarwa kafin wata 3, fara taimako kafin wata 6. Dalilin gaggawar shi ne wancan masaukin na ɓawon ƙwaƙwalwa. Idan ya daɗe sauti bai iso shi ba, sai gani da taɓawa su fara cin filinsa. Shi ya sa na'urar ji, ko wadda ake dasawa a kunne da tiyata, ta fi amfani kafin yaro ya kai shekara 3 da rabi.

A gida kuma ga abin lura. Ɗan wata 3 ya riƙa firgita da ƙara mai ƙarfi. Ɗan wata 6 ya riƙa juyowa inda sauti yake. Ɗan wata 9 ya riƙa gwaranci irin su ba-ba, da-da. Ɗan shekara 1 ya amsa sunansa. Jaririn da ba ya ji shi ma yana kuka, yana dariya, kada wannan ya ruɗe ku. Idan za a gwada shi, a yi daga bayansa inda ba ya gani, kuma kada a buga ƙasa ko ƙofa don yana jin girgiza a jikinsa.

Ina za a je?

A nemi sashen kunne da hanci da maƙogwaro na babban asibiti. Mutanen Idi-Araba ga LUTH nan a ƙofar gidanku. Na Sabo da Akinyele akwai UCH Ibadan. Na gabas akwai asibitocin koyarwa na Inugu da Fatakwal. Wadda ta koma gida wankan jego, a Yola akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, a Kano akwai na Malam Aminu Kano, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da aka kafa a 1999.

Idan an tabbatar yaro ba ya ji, kada a zauna jiran baki ya buɗe. Ƙwaƙwalwarsa tana buƙatar yare da wuri, ko ta kunne ko ta ido. Hausawa muna da maganar hannu tamu tun kaka da kakanni, kuma akwai makarantun kurame a Surulere da Ibadan, da Tudun Maliki a Kano, da Jada a Adamawa. Duk gidan su koyi maganar hannun tare da shi.

Kiran da zan yi ga maza ne, musamman irinmu masu bin tirela da kwana a kara. Kafin ka yi tafiya, ka bar kuɗin awo da na mota a hannun matarka, kuma ka bar mata izinin zuwa asibiti ko da tsakar dare ne ba sai an jira ka dawo ba. Sarakunan Hausawa da limaman zango su ma su riƙa tunatarwa a wurin suna: an yi wa jaririn nan gwajin ji kuwa?

Allah Ya raya mana zuri'a cikin lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya.